Shekara uku ina jiran tallafi, gonar kajina tana nan a takarda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan da na gama hidimar ƙasa, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Burina in kafa gonar kaji 5,000, har suna na raɗa mata. Na je bitoci, na rubuta burin a littafi kamar yadda aka koya mana. Sau biyu ina biyan kuɗin fom na tallafi, har yau shiru. Abin da na tara daga koyarwa a makarantar kuɗi naira 200,000 ne kacal. Sa'o'ina duk sun yi aure, ni ko ɗan tsako ban mallaka ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, burinka ba shi da aibu. Sai dai a duk wasiƙarka ban ga rana ba, ban ga farashi ba, ban ga sunan wanda zai sayi kaza ɗaya a hannunka ba. Abin da ke cikin littafin nan naka fata ne. Sai waɗannan ukun sun shiga zai zama tsari.

Bari mu auna kaji 5,000 ɗin. Kazar nama tana cin abinci kusan kilo 4 kafin ta cika sati shida, buhu kuwa kilo 25 ne. Kenan buhu 800 a zubi ɗaya. Ka je Sabon Gari gobe ka tambayi kuɗin buhu, ka ninka. Ba mu zo kan rumfa da rijiya da magani da ma'aikata ba tukuna. Abinci kaɗai shi ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo.

To amma abin da ya fi ɗaga mini hankali kuɗin fom ɗin nan ne. Kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da wannan cutar: wai ba a fara sana'a sai babban jari ya zo, jarin kuma gwamnati ce ko wata ƙungiya za ta kawo. Wannan tunani ya cinye shekarun matasanmu fiye da yadda talauci ya cinye su. Yaro ya zauna a majalisa, waya a hannu, yana jiran a ce an buɗe shafi. Sai wani ya ɓullo a WhatsApp da hoton tambarin gwamnati, ya ce shi wakili ne, yana da hanya a Abuja, a biya dubu biyar na rajista. Bayan wata biyu a ce sunanka ya fito, a ƙara na tantancewa. Makon da ya wuce wata baiwar Allah ta zo mini da rasit guda huɗu ninke a cikin leda, tana lallaɓa su kamar takardar fili. Keken ɗinkinta ta sayar ta biya na ƙarshen. Keken da take cin abinci da shi! Lambar wakilin kuwa a kashe.

Ka riƙe wannan: tallafi na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000, ana buɗe nema a ranar 1 ga Janairu, kuma ko kwabo ba a biya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi, ko BVN ɗinka, ko lambar da banki ya aiko maka a waya, ɓarawo ne ko da rawani ya naɗa. Mun ga damfarar zuba jari ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, amma kunnenmu na ƙashi ne. Har da masu digiri, wallahi, su suka fi yawa a layin.

Su ma masu bitar nan na otal da kwat da lasifika ina da magana da su. A karɓi kuɗin mutum a ce ya rufe ido ya hango kansa a cikin jif. Ka tambayi mai jawabin kaji nawa suka taɓa mutuwa a hannunsa. Kuma ko da tallafin ya zo yau, wanda bai taɓa kwana da 'yan tsaki talatin ba in aka ɗora masa dubu biyar, cutar kaji ta Gumboro za ta share su cikin kwanaki. Masu ba da kuɗin da gaske sun san haka, shi ya sa abin da suke fara tambaya shi ne me ka riga ka yi. Ana ta cewa tawakkali. Annabi (SAW) cewa ya yi da mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Kai raƙumar ma ba ka sayo ba.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Ka fara da mai saye. Ka zaga wajen masu gashin kaza a Samaru da PZ da yamma, ka tambayi nauyin da suke so, da farashi, da ko a take suke biya ko sai sun sayar. Ka samu mutum biyu da suka ce ka kawo. Daga nan ka zaɓi ranar sayarwa, misali kwana uku kafin Sallah, ka ƙirgo sati bakwai baya: ranar zuwan 'yan tsaki ke nan. Ka ƙara sati biyu baya don wanke ɗaki da feshi da shimfiɗa garin katako. Kowane aiki ka rubuta ranarsa da kuɗinsa a gefe. Kada zubin farko ya faɗa a zafin Maris da Afrilu, kajin nama ba sa jure shi. In lokacin hunturu ne ka sa kuɗin gawayi a lissafi.

Kuɗinka zai ɗauki kamar kaji talatin, buhu biyar. Ka ware wani abu ka ajiye saboda mutuwa, don sai an yi ta. Kada ka bar koyarwar, ita ce jarinka a yanzu. Jadawalin rigakafin Lasota (na cutar Newcastle) da na Gumboro kuwa likitan dabbobi za ka tambaya, ba mai shagon magani ba. Kana garin da ke da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika inda aka samar da kajin ƙwai na Shika Brown. Mutane na zuwa daga jihohi masu nisa neman ilimin da ke bayan gidanku.

Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka bar ta sai ka yi zubi uku. Wancan littafin da ka rubuta burinka, ka juya shafi, ka ja layi huɗu: abin da ka saya, abin da suka ci, waɗanda suka mutu, abin da ka sayar. Bayan zubin farko ka aiko mini da kuɗin da kowace kaza ta ci maka da kuɗin da ka sayar da ita, sai mu duba ko na biyu zai zama sittin.