Amsa: gwaji ya nuna ƙarancin fararen ƙwayoyin jini alhali ina lafiya lau

Ɗan'uwa, ka ce gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jininka na niyutirofil, masu yaƙar ƙwayoyin cuta, sun yi ƙasa, alhali ko mura ba ta cika kama ka ba. Kwantar da hankalinka tukuna.

Jiki yana da wasu sinadarai, kemokin, masu kiran fararen ƙwayoyi zuwa inda ciwo yake, tamkar mai shela. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna Duffy da ke kama waɗannan sinadarai. Mafi yawanmu a Afirka ta Yamma mun gaji sauyi a ƙwayar halittar ACKR1 da ya hana jajayen ƙwayoyinmu yin wannan furotin. Tun 1976 aka nuna wannan gado yana ba da kariya mai ƙarfi daga wani nau'in maleriya mai suna vivax, a 2009 kuma binciken ƙwayoyin halitta ya alaƙanta shi da ƙarancin niyutirofil. Niyutirofil ɗin da ke nan suna aikinsu daidai. Ma'aunin ɗakin gwaji kuwa galibi da jinin Turawa aka kafa shi, kuma hakan na tayar da hankalin mutane masu lafiya a banza.

Amma in zazzaɓi na yawan dawo maka, ko gyambon baki, ko kana shan wani magani, koma wurin likita ya duba ka sosai.