Na tura kudin Mas din Mama a boye, yanzu na kasa barci

Anti barka da aiki, Allah ya kara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Ni a Katolika aka haife ni, a Zonkwa na girma, da nayi aure sai na bi mijina ECWA yau shekara 14 kenan, yanzu ma dattijo ne a ikilisiyarmu. Mamanmu ta rasu a watan Maris. Saura kwana biyu ta cika ina goge mata baki da tsumma a gadon asibiti ta kama hannuna tace "kar ku manta da ni a Mas", wato sujadar Katolika, har sau biyu ta fada. Rosarinta ma, wato carbin addu'arta, yana wurina, wanda giciyen ya taba tsinkewa ta daure shi da bakin zare.

To yanzu Nuwamba ta karato, yayanmu ya rubuta a guruf din gida cewa kowa ya kawo abinda ya sawwaka a kai wa Fada ayi mata Mas ran 2 ga wata, daga coci a wuce kabarinta a share a kunna kyandir. Da na fada wa Baban yara sai ya bude min Ibraniyawa 9:27, yace mutum sau daya yake mutuwa daga nan sai shari'a, addu'a bata bin mutum kabari, kuma ina matar dattijo in aka ganni da kyandir a makabarta da wane ido zai kalli mutane. Ban ce masa uffan ba amma da dare na tura dubu biyar ta waya na goge alat din. Tun ranar bani da sukuni, ko ya dauki wayata zai haska tocila sai gabana ya fadi.

Anti nayi zunubi ne? In mijina ne da gaskiya kenan ba abinda zan kara iya yi wa Mama har abada, in kuma 'yan gidanmu ne da gaskiya tana can tana jira ni kuma ina nan ina jin kunyar mutane.

Daga kanwarki a Kafanchan.

AMSA

Kanwata sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Tun farko in fada miki ni ma ba Katolika bace, saboda haka ki san daga inda nake magana, amma bazan yi wa 'yan gidanku kage ba don in faranta wa mijinki.

Wannan gardamar ta girmi kakannin kakanninmu. Baibul din da ke hannun mijinki littattafai 66 ne, wanda Mamanki ta rike 73 ne, kuma a cikin karin bakwai din nan akwai Makabiyawa na 2. A sura 12 ne aka bada labarin sojojin da suka mutu a yaki, da aka zo daukar gawarwakinsu sai aka tarar da layun gumaka a karkashin rigunansu, shine shugabansu Yahuza ya tara kudin azurfa ya aika Urushalima ayi hadaya dominsu. Katolika suna karanta wannan a matsayin Maganar Allah, mu kuma bama lissafa shi a ciki. Kin ga kenan mijinki da yayanki ko kwana zasu yi suna jifan juna da ayoyi ba wanda zai kada wani, tun daga jerin littattafan suka raba hanya.

Kuma akwai abinda mutanenmu suke yawan fada ba daidai ba. Katolika basu ce Mas yana fitar da mutum daga jahannama ba. Koyarwarsu ita ce Purgatori na wanda ya riga ya sami ceto ne, ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran datti a jikinsa, ana tsarkake shi kafin ya shiga, addu'ar masu rai kuma tana taimaka masa. Suna kafa hujja har da 1 Korintiyawa 3:15 inda akace mutum zai tsira amma kamar ta tsakiyar wuta. Mu kuma muna cewa jinin Yesu ya gama wankin tas, barawon nan na kan giciye ba'a ce masa ya jira ko'ina ba, cewa akayi yau zaka kasance tare da ni a Firdausi. Maganar kudi kuwa ita ta kunna wutar tun 1517, lokacin da Martin Luther ya tashi a Jamus kan cinikin takardun gafara da ake yi wa talakawa har da sunan matattunsu. Su kansu Katolika a taronsu na Trent a 1563 sun rike koyarwar Purgatori amma sun hana a maida ita hanyar neman kudi, kuma dokarsu tace Fada yayi wa talaka Mas ko bai kawo sisi ba. Dubu biyar dinki baiko ne, ba tikitin sama kika saya ba.

Da na karanta maganar da Mama ta miki a asibiti sai na tuna Monika, uwar Agustin, mutumin Arewacin Afirka din nan da Katolika da mu duk muke ji da shi. A shekara ta 387 tana bakin mutuwa a Ostiya kusa da Roma ta fada wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, abu daya take roko, su rika tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Kusan kalma daya da ta Mamanki. Ni dai bana iya kallon irin wannan rokon in kira shi bautar gumaka, ko da ban yarda da Purgatori ba. Mu din ma da muke cika baki, in akayi rasuwa a unguwa waye bai taba cewa "Allah ya jikanta" ba? Ai addu'a ce wa mamaci, bakinmu ya saba ne kawai bamu lura.

Yanzu ga abinda nake gani. Tsoron cewa tana can tana jiranki ki ajiye shi. A wurin mijinki, in ta mutu cikin Almasihu tana gida tun Maris. A wurin yayanki, tana kan hanyar gida kuma ba mai juyo da ita. Ba bangaren da ya rataya cetonta a wuyanki.

Abinda ke hana ki barci goge alat din nan ne. Ki fada masa, amma ba da Baibul a hannu ba, domin da kin jawo aya zai jawo uku. Ki bari ya ci ya koshi yara sun kwanta, kice Baban yara nayi abu a boye kuma bana so ya zauna tsakaninmu, wasiyyar uwata ce ta fada tana rike da hannuna, na kasa take ta. Zai iya yin fushi, ki barshi yayi. Daga nan ki roke shi ya barki kije ran 2 ga wata, ko baki kunna kyandir ba share kabarin uwa ba koyarwar wata darika bace, kuma in 'yan'uwanki hudu ko biyar suka tsaya a wurin babu ke, wannan tabon zai dade. In Mas din ne zuciyarki bata kwanta da shi ba ki zauna a benci ki gode wa Allah don rayuwarta, ki yi wa yayanki addu'a, wannan kam ba faston da zai hana ki.

Shi kuma dattijo, in kin nuna masa wannan shafin, ranka ya dade surukarka ce fa, kuma a cocin nan dai ta raini matar da ka aura. Ka saka mata mai a mota ko ka kaita da kanka.

Rosarin kuma kar ki bari a sa ki yar. Ki nade shi a cikin zanen zumuntarta ki sa a kasan akwati.