Haƙurin Bani Isra'ila ba naɗe hannu ba ne

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Jidda. Birkila ne a wani kamfanin gini, an yi watanni ba albashi, fasfonsa na hannun kafili (ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar), gida kuma ana ta kira kan kuɗin makarantar yara. Ya ji wa'azi kan bautar da Fir'auna ya sa Bani Isra'ila, yana tambaya ko shi ma ya yi shiru ya haƙura.

Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Abin da suka sha ya wuce misali. Suratul Ƙasas ta ce Fir'auna ya rarraba mutanen ƙasar, yana yanka 'ya'yansu maza yana barin mata. Attaura ta ƙara da cewa sun gina masa biranen ajiya, Fitom da Ramases, kuma da Annabi Musa ya nemi a sake su, sai aka daina ba su ciyawar kwaɓa tubali, aka ce adadin kada ya ragu. Kai magini ne, ka san yadda tubalin laka yake tsagewa in babu ramno.

Amma dubi abin da suka yi cikin wannan ƙunci. A Suratu Yunus an umarce su su mayar da gidajensu wurin salla. To kai ma riƙe sallarka, ko a ɗakin kwanan ma'aikata ne tsakanin gadaje. Mahaifiyar Annabi Musa kuwa ta saka jaririnta a kogi ta dogara ga Allah, sannan ta tura yayarsa ta bi sawu. Shi kansa Annabi Musa har fada ya je ya faɗi gaskiya.

Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokar Saudiyya. Adana hoton iƙamarka (katin izinin zama), kwantiraginka na manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago da bayanan banki da ke nuna watannin da ba a biya ba. Kai ƙara ofishin ƙwadago, inda ake fara zaman sulhu kafin kotun ma'aikata, ka kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. A dokar ƙwadago ta ƙasar, wanda aka hana albashin wata 3 a jere yana iya canza wurin aiki ba da yardar kafili ba.

Roƙona, kada ka gudu daga aikin. Da an rubuta ka a matsayin wanda ya tsere, ƙararka ta yi rauni, sai zaman takari.

Mutanen gida kuma, kira uwargida ka gaya mata halin da ake ciki, ta je ta nemi makaranta ta ɗaga muku ƙafa zuwa zango mai zuwa.