Amsa: Me ya sa ma'aikatan agaji ke hawa jirgi maimakon mota?

Malam, ka ce ko ɗaukar ma'aikatan agaji a jirgi mai saukar ungulu almubazzaranci ne. Wallahi dole ce ta sa. Dubi garin Rann da ke ƙaramar hukumar Kala-Balge a jihar Borno: da damina ruwa kan yanke hanyarta watanni, ga kuma kwanton ɓauna da nakiyoyi a wasu hanyoyin Borno. Tun 2015 Hukumar Abinci ta Duniya (WFP) ke gudanar da jiragen UNHAS, wato jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, a Najeriya. Daga Maiduguri ake kai likitoci da allurar rigakafi, wadda zafin doguwar tafiya ke lalatawa. Buhunan hatsi kuwa galibi manyan motoci ke kai su. Mu nan Zariya da kwalejin koyon tuƙin jirgi a ƙofar gida, da ma yaranmu su riƙa neman wannan aiki.