Tambaya da Amsa: Jonson Ne Ko Jansin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A nan Legas ko'ina ka juya sai ka ci karo da sunan Johnson, a titi, a tasha, har cikin abokan cinikinmu. Wasu na cewa Jonson, wasu Jansin. Wanne ne daidai, kuma me ya kawo sunan Turawa gidajen Yarbawa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sunan gaɓa biyu ne, kuma harafin h da ke tsakiya ba a furta shi sam. A gaɓar farko ake ɗora nauyin murya, ta biyu kuwa danne ta ake yi. Mutanen Ingila kan ce Jon-sin, Amurkawa kuma nasu ya fi kusa da Jan-sin. Ke nan Bahaushen da ya ce Jansin bai yi kuskure ba. Jon-son da ake ji a bakin mutanen Legas shi ma kowa zai gane shi.

Ma'anarsa ɗan John, wato kamar ka ce Ɗan Yahaya. A Amurka, in ka ɗauke Smith, babu sunan iyali da ya kai shi yawa.

Inda matsala take shi ne rubutu. Akwai Johnson, akwai Johnston da Johnstone masu t, akwai Jonson marar h, kuma banki bai ɗauke su suna ɗaya ba. Kafin ka tura kuɗi, karanta sunan da ya fito harafi-harafi, sannan ka sa lambar sirri. Harafi guda in ya saɓa tsakanin NIN da BVN, yakan jawo zirga-zirgar gyara, har da takardar rantsuwa daga kotu.

Zuwansa Legas kuwa, yawanci ta hannun Saro ne, bayin da aka 'yanta suka dawo daga Saliyo a ƙarni na 19, da kuma waɗanda suka karɓi sunan mishan. Wanda kake gani a titin Alausa da tashar jirgin ƙasa ta Ebute Metta shi ne Mobolaji Johnson, gwamnan Jihar Legas na farko, daga 1967 zuwa 1975. A waje akwai Lyndon Johnson, shugaban Amurka daga 1963 zuwa 1969, da Boris Johnson, firaministan Birtaniya daga 2019 zuwa 2022. Wadda ta fi cancantar a tuna a ganinmu ita ce Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, ta hau mulki a 2006.