Harshe Zai Iya Gane Giya Mai Guba?

Tambaya: Ni mazaunin Tudun Wada ne a Jos. Mu biyar ne, duk ƙarshen wata mukan sayo giya kala-kala mu ɗanɗana, kowa ya ba da maki, wani lokaci har da burukutu. Watan jiya mun buɗe kwalba biyu iri ɗaya daga shaguna daban-daban, ɗaya lafiya lau, ɗaya kuma wari take. Abokinmu ya ce jabu ce, an sa guba, wai shi da ya kurɓa harshensa ke gaya masa. Na riga na sha rabin kofi, har yau hankalina bai kwanta ba. Guba na sha? Yaya ake bambancewa?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Gubar da ake tsoro a barasa ba ta jira wata guda kafin ta nuna kanta. Abin da ya fi yiwuwa, mai shago ne ya lalata kwalbar da mugun ajiya.

Idan warin ya bugi hanci tun daga buɗe murfi, mai kaifi kamar na ƙonannen roba, rana ce ta taɓa ta. Haske yana farfasa sinadarin ɗaci na furen hof da ake sa wa giya, ya haifar da wani mai ɗauke da farar wuta, wanda hanci ke kamawa komai ƙanƙantarsa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare yawancin hasken, koriya ba ta tarewa sosai, shi ya sa kiret ɗin korayen kwalabe da aka jibge a bakin shago tun safe ya fi shan wannan wahala. Ko a kofi ma, mintoci kaɗan a rana sun isa. Idan kuwa ɗanɗanon ya yi lami, da warin jiƙaƙƙen kwali, tsufa ne da zafi: kwalbar ta daɗe a cikin kwantena ko ƙarƙashin rufin kwano. Duba ranar da aka buga a jikinta kafin ka biya. Duka biyun babu daɗi, amma ba sa kashe kowa.

Game da makin da kuke bayarwa, ku gyara tsari. Mutum ɗaya ya zuba a ɓoye, ya sa wa kofuna lamba, domin da zarar ido ya ga tambarin kamfani, baki ya riga ya yanke hukunci. Mililita 100 ga kowa daga kowane iri, kada ku wuce iri biyar a zama ɗaya. Jimilla bai kai kwalba guda ta santilita 60 ba. Ku fara da laga, wato giya mai haske mara nauyi, baƙar giya a ƙarshe, don ɗacinta na rufe duk abin da ya biyo baya, kuma irin su Guinness Foreign Extra Stout ƙarfinta kashi 7.5 ne cikin ɗari, alhali yawancin laga na kusa da 5. Laga ta kasance wajen digiri 6 zuwa 8, baƙa 10 zuwa 12. Wadda ta yi ƙanƙara, da mashaya ke rantsuwa da ita, kashe harshe take yi har ba a jin aibinta. A ɗauraye kofi sosai, don ragowar sabulu ko maiƙo na karya kumfa. A sansana kafin a kurɓa. Tsakanin kofi da kofi, ruwa da burodi kawai. Tsire da yaji su jira a gama. Kada kuma ku rage wa ta gida maki don ba ta yi kama da ta Turai ba. Tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin ƙasar nan suka koyi aiki da dawa da masara, kuma dawa na da nata ɗanɗanon. Burukutu kuwa tsaminta da gangan ne, kuma tana ci gaba da aiki a tukunya: ta safe ta fi zaƙi, ta yamma ta fi tsami, wadda ta kwana ta doshi ruwan tsami zalla. In za ku gwada burukutun masu dafawa biyu, ku saya a lokaci ɗaya.

Sai maganar abokinka, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. A gaya masa ya daina. Babu harshen da ke gane metanol, wato sinadarin masana'antu mai guba da ake sirkawa a barasa, ko na wanda ya shekara talatin a sana'ar. Launinsa, ƙamshinsa da zafinsa a maƙogwaro duk kusan ɗaya ne da na barasar da ake sha. Giya mai wari ita ce mara haɗari a labarinku. Wadda ke makantarwa takan zo garau, ba abin zargi. Giyar hatsi, ta kwalba ko ta tukunya, ba ta haifar da metanol mai yawa da kanta. Masifar tana shigowa ne lokacin da wani ya ga kayansa ba su bugarwa, ya tsiyaya barasa mai ƙarfi irin goskolo ko ogogoro a ciki, shi kuma wanda ya sayar masa ya riga ya sirka da sinadarin masana'antu don ya fi araha. Duk ƙwaryar burukutun da ta bugar da kai fiye da yadda ka saba, ka yi zargin an yi mata ƙari.

Sauran dabarun da ake yaɗawa a mashaya duk tatsuniya ce. Wai a kunna ashana, in wutar ta yi shuɗi lafiya ce: metanol ma shuɗi yake ci. Wai a jefa tsabar kuɗi a ga ko za ta canza launi. Wai a bar mai sayarwa ya fara kurɓa. To ya kurɓa ɗin, me za ka gani a minti biyar? Metanol kansa ba shi ke ɓarna ba, sai hanta ta juya shi zuwa wani asid da ke cin jijiyar ido ya kuma gurɓata jini, kuma hakan kan ɗauki awa 12 zuwa 24, har fiye in an haɗa da barasa ta gaskiya. Mutum zai koma gida ya kwana, ya tashi da ciwon kai da amai ya ce gajiyar jiya ce. Sai ciwon ciki, numfashi sama-sama, gani ya yi hazo. Mililita 10 na zallarsa na iya makantarwa, cokali biyu kacal na shayi ke nan. 30 na iya kisa. A 2015 haka mutane suka yi ta mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, aka fara ɗora laifin kan fushin dodon gari kafin bincike ya nuna ogogoro mai metanol ce. Bayan watanni biyu gommai suka sake mutuwa a jihar Ribas. 

Abin takaicin shi ne yadda ake ɓata lokacin ceto. A ɗura wa mutum manja, a ba shi madara, a cusa masa yatsa ya yi amai, a kai shi kemis a rataya masa ruwa, wani ma ya ce sammu ne a tafi gidan mai magani. Babu ɗaya da ke taɓa gubar da ta riga ta shiga jini, kuma ɗura wa mai magagi manja na iya shaƙe shi. Maganin yana asibiti: allurar da ke hana hanta juya metanol, maganin rage asid a jini, da wankin ƙoda in ta kama. Kunya ma na kashe mutane a nan, don 'yan'uwa kan ɓoye wa likita abin da aka sha, shi kuma ya yi ta neman zazzaɓin cizon sauro. Ranar da wani a cikinku ya ce yana gani dishi-dishi bayan zama, ku wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko wani babban asibiti nan take, da ragowar abin da aka sha a hannu, da duk wanda ya sha daga mazubi ɗaya ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ku faɗa wa likita sunan abin da sa'ar da aka sha shi.