Filin Lambu: Ƙasar bayan gida ta ƙi garma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan fili a bayan gidana, tsawonsa taku goma, faɗinsa taku shida, ina son in yi lambun alayyafo da tumatir da karas. Na sayi garma sabuwa fil, amma in na kai sara sai ta yi tsalle ta dawo, ƙasar ko gezau. Garmar ce ba ta da kyau, ko ƙarfina ne bai kai ba?
Daga wani mai karatu a Rigasa

Amsa: Wa alaikumus salam. Garmar lafiyarta lau, aikin da ba nata ba ka ba ta. Garma ta huɗa ce. Ruwanta na da faɗi amma ba kauri, an kuma karkata ƙotarta ne don ta kwashi ƙasar da ta riga ta yi laushi ta kifa ta kunya. Filin da aka shekara ana takawa, ana shanya a kai, wataƙila ma a nan magina suka kwaɓa siminti, kaftu yake buƙata tukuna.

Ka nemi fartanyar kaftu mai nauyi: ruwanta mai kauri, faɗinsa kamar santimita 12 zuwa 15, tsawonsa 20 zuwa 25, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙarancin faɗin shi ke tara nauyin saran a wuri ɗaya har bakin ya nutse. Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su ƙera maka, ka dai ce musu ta kaftu kake so, kuma a yi ta da ƙarfen sifirin ɗin mota. Inda ƙasar ta cika tsakuwa, diga za ta fara shiga.

Amma ko ka samo wadda ta fi kowacce, in ka sari ƙasar a bushe wahala kawai za ka sha. Jar ƙasar Kaduna ba ta da taki sosai a jikinta, kuma da rani, daga Disamba zuwa Maris, takan ƙame tamau. In lambun damina za ka yi, jira ruwan farko na Afrilu ko Mayu ya sauka sau biyu ko uku. In na rani ne, ka zagaye filin da ɗan tudun ƙasa don kada ruwa ya gudu, ka shayar da shi da yamma, ka sake washegari, sannan ka bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya tsane. Ga yadda za ka gane ya isa sara: tona kamar tsawon yatsa biyu, ka damƙi ƙasar wurin. In ta ƙi dunƙulewa, ruwan bai isa ba. In ta dunƙule tana sheƙi tana manne wa hannu, ruwan ya yi yawa. Wadda ake nema ita ce ta dunƙule, ka danna da babban yatsa ta wargaje. Mutane sun fi tsoron busasshiyar ƙasa, alhali jiƙaƙƙiya ta fi ɓarna. Laka in aka sare ta da ruwa, bakin ƙarfen yana shafe jikinta sumul, rana ta gasa, ta bar maka hoge mai tauri kamar tubali, wanda sai ka ƙare damina kana bugu.

Wajen saran, fara buɗe ɗan kwari a gefe ɗaya na filin, zurfin taƙi guda. Daga nan kowane sara ka kai shi kamar yatsu huɗu daga bakin kwarin, don ƙasar ta sami inda za ta faɗa. Mai ɗibar da yawa shi ne fartanya ke maƙale masa, ya yi ta girgiza ta har ƙota ta tsage. Ɗaga ruwan zuwa daidai kafaɗa ko sama kaɗan, ka sake shi ya faɗo da nauyinsa, hannunka saiti kawai yake yi. Idan ya nutse, ɗaga gindin ƙotar kaɗan ƙasar ta ɓalle, sai ka jawo. Tunda fartanya wajen ƙafarka take jawo ƙasa, in ka miƙe gaba za ka riƙa take abin da ka kafce. Saboda haka ka raba filin tun farko, kowane fangali faɗin mita ɗaya ko ɗaya da ɗan kai, da hanya tsakani, ka tsaya a hanyar kana aiki ta gefe.

Alayyafo da latas santimita 15 zuwa 20 ya ishe su. Tumatir da attaruhu su sami 25. Karas na son 30, a kuma tsince tsakuwa tsaf, in ba haka ba ya fito da ƙafa biyu.

Kafin duk wannan, ka tambayi wanda ya ja bututun ruwa da wayar wuta a gidan ta ina suka bi. Bututun roba ba ya jure sara ɗaya, kuma a gidaje da yawa ba a binne shi da zurfi ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sa an kafce mini fili, da aka kai zurfin taƙi sai aka tarar da wata jar ƙasa mai tauri da tsakuwa. Masu aikin sun ce a juyo ta sama a gauraya. In yarda?
Daga wata uwargida a Malali

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Abin da suka taras marmara ce ko ƙasar da ke dab da ita, kuma tana da yawa a tudun Kaduna. Ɗan amfanin da filinki ke da shi yana cikin taƙin nan na sama mai ɗan duhu. In aka juyo jar ta binne shi, kin mayar da lambun baya da shekaru. A kwashe ta saman a tara gefe, a sassara ta ƙasan da diga a bar ta a inda take don ruwa da saiwa su sami hanya, sannan a mayar da ta saman. In kuma marmarar ta zama dutse sosai, a daina faɗa da ita, a ɗaga fangalin sama da ƙasa mai kyau da taki, tudun santimita 25 zuwa 30. Wannan zai ma cece ki a Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke kwanciya a kan irin wannan wuri ya ruɓar da saiwar tumatir.

Takin kuwa ya zama ya ruɓe, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Kashin shanu kwanon sarki ɗaya ya isa murabba'in mita biyu zuwa uku. Kashin kaji ya fi zafi, a ba da rabin haka, a shayar, a jira mako biyu kafin shuka. A cuɗa shi da ƙasar sama kawai, ba a binne shi can ƙasa ba.

Tambaya: Yallaɓai, tofa da jiji sun addabi lambuna a bakin kogi. Duk lokacin da na kafce sai su dawo sun fi da yawa. Me ke faruwa?
Daga wani mai lambu a Kabala

Amsa: Kai kake shuka su da hannunka, Malam. Tofa da kiri-kiri suna yaɗuwa ne ta jijiyar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kowace gaɓa tana iya tsiro. Jiji kuma 'ya'ya yake yi a ƙasa, jere a kan zare. Muddin zaren na haɗe, da yawansu kwance suke, da ka tsinka shi kowanne ya farka. To ka sassara su gutsi-gutsi, ka juya, ka ba su ruwa, me kake jira in ba yawa ba?

A irin wannan wuri manyan sara ake yi, ba ƙanana ba. Ka nutsa fartanya ƙarƙashin jijiyar, ka ɗago hogen ɗungurum, ka karkaɗe, ka zare jijiyar da tsawonta. Abin da ka tsince kada ya shiga ramin taki, a shanya shi ya bushe ƙayau a ƙone. Nan ne kaɗai za mu ce a bar kaftu a buɗe ba ruwa: ka yi shi a ƙarshen damina da sauran danshi, ko a fangalin da za ka iya hutar da shi da rani, ka bar rana da iskar hunturu su yi mako uku a kansa, ka sake juyawa. 'Ya'yan jiji ba sa jure bushewa in suna sarari. Ba za su ƙare a shekara ɗaya ba, amma za ka ga sauƙi.

Tambaya: Ruwan fartanyata yana ta girgiɗi, wani lokaci har ya fice. An ce in riƙa kwanar da ita a ruwa.
Daga wani ɗalibi a Tudun Wada

Amsa: Na yini ɗaya ne wannan, ɗan samari. Itacen zai kumbura ya riƙe, in ya bushe ya fi da sakewa, balle da hunturu. In mai wutsiya ce da aka huda ƙota aka cusa, ramin ya buɗe ke nan, ka kai wa maƙeri ya sake ƙota. In mai zobe ce da ƙota ke shiga ciki, buga gindin a kan dutse ta zauna, ka ɗaure ta da ƙusar itace busasshe. Ka zaɓi ƙirya ko marke ko aduwa, wanda ya bushe sarai, ba ɗanye ba, ba kuma mai ƙulli a wuya ba. Har ka gyara, kada ka yi sara da kowa a gabanka ko bayanka. Ruwa mai kilo biyu in ya fice ba ya zaɓen inda zai sauka.

Washi kuma, a bi gefen da maƙeri ya fara fitarwa, da magagari, a bar bakin da ɗan kauri. Wanda aka wasa kamar wuƙa tsakuwar farko za ta gutsure shi.

Tambaya: Shin dole ne a sake kaftu duk lokacin da za a yi sabuwar shuka? Bayana ya fara gaya mini gaskiya.
Daga wani dattijo a Barnawa

Amsa: Ba dole ba ne, Baba, kuma yawan yin sa cutar da ƙasa yake. Kowane juyi yana buɗe takin da ke ciki ga rana da iska ya ƙone da wuri, yana kashe tana, ya mayar da ƙasar gari. Ruwan sama mai ƙarfi in ya doki garin nan sai ya yi ɓawo a sama, iri ya kasa hudowa. Kaftu mai zurfi na buɗe sabon wuri ne, ko wurin da aka take ya sake ƙamewa. Fangalin da ba a hawa kansa, ƙaramar fartanya ta ishe shi: a sosa yatsu huɗu na sama, a ƙara taki, a rufe da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko ɓuntun shinkafa. A riƙa ɗaga rufin ana duba gara, a kuma janye shi kaɗan daga jikin shukar.

Ranar da kaftun ya zama dole, ku sa a yi muku ƙota mai tsawo da ta kai ƙirjinku, don gajeriya ita ke tilasta dogon sunkuyo. A buɗe ƙafa, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a riƙa sauya hannun da ke gaba, a yi da sassafe fangali ɗaya a rana. Takalmi rufaffe wajibi ne, domin ƙasar cikin gari cike take da fasasshen kwalba da tsohuwar ƙusa. Wanda ƙarfe ya yanka a lambu ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je asibiti a ranar a duba batun allurar tetanus.